Layi Huɗu da Surukina Ya Soke

Kafin ya zama surukina malamina ne. Shekara uku ya koyar da ni ilimin kwamfuta a Gusau, kuma a ajinmu babu wanda ya kai ni yi masa gardama. Zai rubuta abu a allo, kafin ya ajiye alli na ɗaga hannu na ce ba haka ba ne. Wani lokaci ni ke da gaskiya, sau da yawa shi ne. Ko ta yaya aka ƙare, dariya yake yi ya ce da 'yan aji su ƙyale ni, taurin kai gare ni amma kaina yana ja.

Da na gama karatu na buɗe shagon gyaran kwamfuta, na ci gaba da zuwa gaishe shi, kuma a wajen gaisuwar nan ne na ga 'yarsa ta biyu. Ranar da aka ɗaura mana aure bakina ya mutu. Ba wanda ya ce in yi shiru. Haka na taso na gani: mahaifina har ya tsufa bai taɓa zama tabarma ɗaya da kakana na wajen uwa ba. Sai na koma cire takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa nesa, ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi. Na daina ce masa Malam na koma Baba. Shi ma ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Injiniya. Mutane suka yi ta yaba tarbiyyata, ni kuma ina jin daɗi kamar wani abin kirki na yi.

Bayan ya yi ritaya ya koma garinsu Tsafe da abu ɗaya da yake ji da shi kamar ɗa. Wata 'yar manhaja ce da ya rubuta da hannunsa cikin shekaru masu yawa, irin wadda ke riƙe da ragamar na'ura gaba ɗaya: ita ke tashi da zarar an kunna, ita ke raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci. Ƙarama ce, don koyarwa ya yi ta, yadda ɗalibi zai karance ta tun daga farko har ƙarshe ya gane abin da ke faruwa a cikin na'ura. Da ita ya koyar da mu. Matsalar ita ce a kan wata tsohuwar ƙwaƙwalwar na'ura ya gina ta, wadda aka daina ƙerawa. Allunan lantarkin da ke ɗauke da ita sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura biyu, su ma sai an lallaɓa.

Sai wani tsohon ɗalibinsa da ke ƙasar waje ya aiko masa da sabon allo, ɗan kore, bai fi tafin hannu ba, mai ɗauke da wata sabuwar irin ƙwaƙwalwa. Kowace irin ƙwaƙwalwa da yarenta. Mafi yawan abin da Baba ya rubuta akwai manhajar fassara da za ta juya shi zuwa sabon yaren ba tare da wahala ba. Amma matakan farko, daga lokacin da wuta ta shiga har na'urar ta iya fitar da kalma ɗaya ta kebul zuwa fuskar laftof, dole mutum ya zauna ya rubuta su da hannu cikin yaren ita ƙwaƙwalwar. Layukan ba su da yawa, ba su cika shafi biyu ba. Sai dai kafin kalmar farkon nan ta fito na'ura bebiya ce. Idan ka yi kuskure ba za ta gaya maka inda ka yi shi ba, kallonka kawai za ta yi da 'yar fitilarta.

A daidai lokacin ne matata ta dawo daga raka shi asibiti a Kaduna idanunta jawur. Hawan jinin ido. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma kullum raguwa yake. Gefe da gefe duk ya rufe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Da na je duba shi bai yi mini zancen ciwo ba. Allon ya ɗauko ya ɗora a tafin hannunsa.

"Injiniya, abu guda nika so," in ji shi. "In ga kalma ta hwarko ta hito bisa wanga allo da idona. Sauran aikin ku na, ku matasa. Amma wagga guda ina son in gane ta da kaina."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." Na kuma san sarai abin da yake nufi: lokacinmu ƙidayayye ne.

Muka tsara aiki. Kowace Asabar da safe in ɗauki laftof in shiga mota zuwa Tsafe. Allon yana wurinsa, ba ya barin ɗakin. Shi zai rubuta layukan da biron maka mai kauri a kan dogayen takardu, don hasken laftof yana sa masa hawaye. Ni in buga su, in koma Gusau in fitar da su a firinta da manyan baƙaƙe, in kawo masa Asabar ta gaba. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma da jan biro, sannan a kunna. Dokarsa tun muna aji ba ta canja ba: layin da ba za ka iya bayaninsa ba, ba ya shiga.

Ƙarshen damina ne, a shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a jihar saboda 'yan bindiga. Babu kira, babu intanet, babu wanda za ka tambaya. Allah ya taimake ni na sauko da littafin bayanin ƙwaƙwalwar kafin a yanke, na buga shi, ya yi kauri kamar bulo. Hanyar kuwa ba a magana. Daga Gusau ana hira a mota, amma da an wuce duwatsun Kwatarkwashi sai kowa ya yi tsit, idanu a kan gero da dawa da suka yi tsawo har bakin titi. Kowace Asabar matata takan tsaya a ƙofa har in sha kwana, kuma ba ta da hanyar sanin na isa sai ta gan ni da yamma.

Ranar da muka fara kunnawa, Baba ya matso da fuskarsa dab da laftof. Abin da ya fito shirme ne: rabin harafi, alamar tambaya, wasu 'yan akwatuna. Muka kashe muka kunna, wani shirmen daban ya fito. Karo na uku ba abin da ya fito sam. Baba bai damu ba. Ya ce ya san wannan cutar tun kafin a haife ni, saurin da allon ke magana da shi ne bai yi daidai da saurin da laftof ke saurare ba. Lamba ɗaya za a gyara. Muka gyara lambar, muka sake gyarawa, har la'asar ta kore ni, don ba a kai yamma a hanyar nan.

A cikin makon nan, a shago, tsakanin wani mai firinta da ta ƙi jan takarda da wata mai laftof da shayi ya zube a kai, na yi ta bin littafin shafi shafi. Ranar Laraba na ci karo da abin. Sabuwar ƙwaƙwalwar kawuna huɗu gare ta a ciki. Wannan mun sani. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, a irin waɗanda Baba ya saba da su kai ɗaya ne ke farkawa idan an kunna, sauran suna barci sai an tashe su. A wannan kuwa duka huɗun tare suke farkawa, su ruga su kama layin farko a lokaci guda, kowanne yana rubutu a kan na ɗan'uwansa. Kamar mutum huɗu ne suka damƙi biro ɗaya. Maganin bai taka kara ya karya ba: a farkon farko kowane kai ya duba lambarsa, idan ba shi ne na ɗaya ba ya koma gefe ya jira. Layi huɗu.

Da a aji ne, da gudu zan je in dangwara masa littafin in ce ga shi, Malam, yau na kama ka. Amma yanzu uban matata ne. Sai na yi dabarar matsorata: na saka layukan a cikin nasa ban ce komai ba, na fitar a firinta. A tunanina za a kunna, kalma ta fito, murna ta rufe komai, ba wanda zai tambayi yadda aka yi. Na manta da wanda nake hulɗa da shi.

Asabar ɗin ba shi kaɗai na samu ba. Ƙaninsa yana nan, da wani dattijo abokinsa da ya baro gonarsa a wajen 'Yankuzo ya dawo cikin gari da iyalinsa. Suna zaune a gefe suna sauraron rediyo ƙasa ƙasa. Baba ya karɓi takardar, ya ɗora gilashi, bai yi nisa ba ya tsaya.

"Injiniya, waɗanga layi huɗu, ni nir rubuta su?"

"A'a, Baba."

"To mi yak kawo su?"

Na ce, da murya kamar ta mai ciwon haƙori, na ga kamar sauran kawunan uku suna iya farkawa.

"Barci sukai sai an tashe su. Shekara nawa ina koya muku wanga?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ɗago ya nemi fuskata da ɗan ganin da ya rage masa. "Ko kana da hujja? In kana da ita kawo ta mu gani."

Littafin yana cikin jakata, jakar tana jingine da ƙafata, shafin na naɗe masa kunne. Ƙanin Baba ya rage rediyo. Dattijon ya juyo yana kallona, yana murmushin nan na manya idan yaro zai yi rashin kunya. In buɗe littafi a gaban ƙaninsa da abokinsa in nuna wa surukina bai san abin da ya shekara talatin yana koyarwa ba?

Na ce, "Babu, Baba."

Ya ja jan biro a kansu, layi ɗaya bayan ɗaya, a hankali saboda kada ya taɓa na ƙasa. Dattijon ya ce wa ƙanin Baba, "Kai, kun yi dacen suruki." Na sunkuyar da kai na karɓi yabon. A mota ina komawa na tsani kaina tsana mai tsanani, amma na lallashi zuciyata da cewa mako mai zuwa zan same shi shi kaɗai.

Mako mai zuwa na same shi shi kaɗai, ban faɗa ba. Yanzu abin ya ƙara nauyi, don sai na fara da cewa na yi masa ƙarya a gaban mutane. Muka canja kebul. Muka canja batir, ko wutar sola ce ba ta tsaya daidai ba. Muka bi lambobin sauri tun daga ƙasa har sama, yana faɗa ina bugawa, ina sane da cewa ko mun shekara muna yi ba inda za mu. Duk shirmen da ya fito sai ya sa in kwafe masa a takarda da manyan baƙaƙe, ya zauna yana nazarinsa kamar akwai saƙo a ciki. Ni kuma ina durƙushe a gefe ina cewa, "Haka ne, Baba. Wataƙila, Baba." Aka yanke gero, aka fara ɗaurin dawa a inda manoma suka samu shiga gonakinsu, muna nan a wuri ɗaya.

Daga ƙarshe ya yanke cewa allon ne da kansa ke da lahani, ɗan ƙarfen da ke ba shi bugun agogo ne bai kama da kyau ba. Yana da taubashi a Bungudu, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin, wanda Baba ya ce duk ƙasar nan ba mai hannunsa a aikin dalma. Ya naɗe allon a cikin tsohuwar hula, ya sa a leda, ya miƙo mini da hannu biyu. Karo na farko ke nan da allon ya bar ɗakinsa.

Ranar Litinin da hantsi na sakaya ƙofar shago, na mayar da layukan nan huɗu, na haɗa kebul, na kunna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba kalmar da Baba ya zaɓa ta fito a kusurwar sama, tsaf, harafi goma ba ko ɗaya da ya karkace: Bismillahi. Na kashe na kunna, ta sake fitowa. Na yi ta yi har na daina ƙirgawa. Na yi tsalle ni kaɗai a shago kamar mahaukaci, sannan na zauna a kan benci. Abin da mutumin nan yake roƙon Allah ya nuna masa, ni na gani, a bayan idonsa, da allonsa. Murnar ba ta yi minti biyar ba ta koma ɗaci.

Duk da haka washegari na hau mota zuwa Bungudu, don na san zai tambayi taubashinsa. Na sami tsohon a rumfarsa, gilashi a kan hanci, gawarwakin rediyo jibge har rufi. Ya kwance hular yana dariya.

"Wanga makahon bai mutu ba har yanzu? Ya aiko ka da hulatai in yi mai sadaka?"

Haka suke da juna, ɗan mace da ɗan namiji, ba abin da ba sa faɗa. Ya ɗauko mitar gwajin wuta ya bi allon gaba da baya, ya duba da gilashi, ya shinshina shi ma. Ya ce lafiyarsa lau, ko sabon jariri bai kai shi lafiya ba. A nan ne wata dabarar ta zo mini. Tunda shi yana iya gaya wa Baba komai, me zai hana ya ɗauke mini wannan kayan? Na zayyana masa duk abin da ya faru, tun daga Larabar nan har jiya. Ya saurara har na gama, dariyar ta bar fuskarsa.

"Wata nawa ke nan?"

Na ce an kusa biyu.

"Kuma ka san idonai?"

Na ce na sani.

Ya ajiye mitar. "Ni zaginai nika iyawa, ban san wanga karatu naku ba. In nic ce mai kawuna huɗu, cewa zai yi in kawo hujja, in tsaya ina zare ido. Nan take shi gane kai kat turo ni. Ka ga ka ɗauki kuskurenai ka kai kasuwa ke nan, ka hi son Bungudu ta ji kahin shi shi ji." Ya naɗe allon ya miƙo mini. "Ba ni taɓa shi da dalma, ba ni kuma yi maka ƙarya. Ka ce mai lahiya lau yake. Sauran kuwa, ɗana, bakinka na. Wagga ba kunya ta ba, tsoro na."

Na fito ina jin haushinsa, don ya faɗi gaskiya.

Kuma ko a nan ban yi hankali ba. Na mayar wa Baba allonsa na ce an duba lafiya lau. Ya ce to, saura mu sake tunani. Da ya fita alwala na zaro shafin nan daga littafin, wanda na ja wa layi a ƙarƙashin jimlar, na ɗora a saman takardunsa inda hannunsa zai fara sauka. Nufina ya gano da kansa, ya kira ni ya ce Injiniya zo ka ga abin da na gano, ni kuma in yi mamaki. Har na shirya irin mamakin da zan yi.

Asabar ta zagayo, shafin yana nan a inda na bar shi, bai ce komai ba. Ta gaba ma haka. Na fara ƙullatarsa a raina. Na ce girman kai ne, ya gani ya ƙi amsa kuskure, tsofaffin malamai duk haka suke. Ina ta zarginsa, alhali alamun suna gabana. Ya ce in ƙara girman baƙaƙen firinta, na ƙara, ya ce in ƙara kuma. Ya daina jan biro a takarda, sai ya riƙe ta kawai ya ce in karanto masa abin da na buga wai don ya ji ko na fahimta. Rannan na shiga na yi sallama ya amsa yana kallon gefen ƙofa inda ba kowa.

Sai aka tare hanya kusa da Tsafe aka kwashi mutane, direbobi suka ƙi tashi. Asabar biyu ban je ba, ba kuma halin waya. A cikin kwanakin nan ne matata ta ritsa ni, don ta ga ba na cin abinci. Na gaya mata. Ban taɓa ganin ta yi fushi irin na ranar ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ajiye ludayin da ke hannunta.

"Kunyar me? Ido fa ake magana. Babana ne, na fi ka saninsa. Da ka gaya masa a gaban duk mutanen Tsafe, da dariya zai yi ya yi ta ba da labarinka." Ta ce ranar da mota ta fara tashi da ita za a tafi, kuma in ban buɗe baki ba ita za ta buɗe, ko da ba ta san kan abin ba.

Muka tafi tare. Ta shige cikin gida wajen Inna mahaifiyarta, ni na tsaya a ɗakin Baba. Na same shi zaune, takardun a tattare a gefe an ɗora musu gilashin a kai, alamar an kwana biyu ba a taɓa su ba. Na gaishe shi. Ina neman ta inda zan fara, sai ya riga ni.

"Injiniya, ban gaya ma kowa ba, ko Innarku. Karatu ya ƙare min. Tun kahin ka tai Bungudu ƙananan baƙaƙe sunka ɓace, yanzu ko manyan ba ni rarrabewa." Ya lalubo takardun ya turo mini. "Na san amsar tana cikin littahin ga, wani wuri munka tsallake. Kai za ka zama idona. Ɗauko daga sama ka karanta min, kar ka bar ko layi guda."

Na sama shi ne shafin da na ajiye. Mako huɗu yana kwance a ƙarƙashin hannunsa. Na ɗauka na karanta da Turancin da aka rubuta shi, har na zo kan jimlar da na ja wa layi.

"Tsaya. Koma."

Na maimaita.

Daga cikin gida ina jin ana daka, da muryar matata da ta Inna. Can ya ce, a hankali, "Duka huɗu. Tare." Sai ya yi wata 'yar dariya ya buga cinyarsa. "Kai! Ashe yaron ga ya yi gaskiya. Layukkan nan da nis soke, kana iya tuna su?"

Na ce ina iyawa. Na buɗe laftof. Ya kamata in yi ɗan jinkiri, in yi kamar ina tunani, amma na gaji da wasan. Suna nan a ajiye tun ranar Litinin ɗin nan. Na danna sau uku, suka hau ɗan katin ajiya, na sa katin a allon, na kunna. Kalmar ta fito.

Na ce, "Ta fito, Baba."

Bai yi hamdala ba tukuna. Kunnensa yana kan yatsuna tun ɗazu.

"Ban ji ka rubuta komi ba."

Na janye hannuna daga laftof ɗin.

"Yaushe kas sani?"

Na gaya masa. Larabar, da littafin da ke cikin jaka ranar da ya nemi hujja, da shago, da Bungudu, da shafin. Ban rage komai ba, kuma karo na farko tun ɗaurin aure na kalli fuskarsa ina magana. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce in miƙo masa laftof ɗin.

Ya ɗora shi a cinya ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman 'yar kafar da ta rage. Na ƙara girman baƙaƙen. Ya ce ƙara. Na ƙara har harafi uku suka cika fuskar gaba ɗaya. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya sake gwadawa da ɗayan. Hawaye suna zuba saboda hasken bai janye ba. Na tuna a raina, ranar da ya soke layukan nan yana ganin wutsiyar waƙafi da gilashinsa.

"Haske nika gani," in ji shi. "Hwari da baƙi. Ba harahi."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi ta fito, Bismillahi ce, daidai yadda ka rubuta."

Ya ɗago daga laftof ɗin ya goge fuskarsa da hannun riga. Ba fushi a muryarsa, da ma fushin ya yi da na fi samun sauƙi.

"Wata ukku kana ce min 'haka ne, Baba.' Yanzu kuma ka ce ta hito." Ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya ya kira 'yarsa.

Ta shigo da sauri hannunta da garin daka, ta dube shi ta dube ni. Ya nuna inda yake jin zafin laftof ɗin a cinyarsa.

"Zamna nan. Mayar da shi ƙanana yadda yake, ki karanta min abin da ad bisa wanga abu. Harahi harahi. Kar ki dubi mijinki."

Ta durƙusa kusa da shi, ta goge hannu a zane, ta fara. Yana bin kowane harafi da leɓensa, yana lanƙwasa yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ni ina durƙushe a inda na saba durƙusawa, taku uku daga tabarmarsa, ina jira a tabbatar masa da maganata.